Injin da ya fito daga mota mai otomatik: wane fulawil zan ɗaura masa?

Mai Hiace, Garwa:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hiace mai injin dizal samfurin 3L da giyar hannu, wadda nake ɗaukar fasinja da ita tsakanin Garwa da Marwa. Injinta ya gaji, sai na sayi wani 3L na hannu da aka kawo ta tashar jirgin ruwa ta Duwala. Da muka duba bayansa, abin da ke ɗaure a karanshaf (babbar sandar inji mai juyawa) wani siririn faifai ne mai haƙora a gefensa, ba fulawil (faifan ƙarfe mai kauri da ake ɗora kuloci a kansa) irin na tsohon injina ba. Shin ana iya ɗora kuloci a kansa? Idan ba zai yiwu ba, me zan duba kafin in sayi wani?

Bakanike, Marwa:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Injin nan daga mota mai giyar otomatik aka ciro shi, kuma wannan faifan aikinsa biyu ne kawai: ya haɗa karanshaf da kwanbatar giyabos (abin da ke maye gurbin kuloci a otomatik), sannan ya ba kik haƙoran da zai kama ya tayar da inji. Ba shi da fuskar da faifan kuloci zai goga, kuma ba shi da nauyin da zai daidaita bugun inji, domin a otomatik kwanbata mai cike da mai ce ke ɗaukar wannan nauyin. Saboda haka dole ne a cire shi.

Shawarata ita ce a fara duba fulawil ɗin tsohon injinka, tunda injunan iri ɗaya ne kuma shi ne ya riga ya dace da giyabos da kik ɗinka. A wanke shi da fetur, a kalli fuskarsa da kyau. Idan shuɗin tabon zafi ne kawai da ƙananan zane, masu injin sassaƙar ƙarfe za su iya share fuskar ta koma sumul. Amma idan tsagewar ta yi zurfi har farce yana maƙalewa a ciki, ko ta kai ramukan noti, a ajiye shi, domin ƙarfen da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya kusa da direba da fasinja ba abin yi wa ganganci ba ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙaramin boris da ke zama a ramin ƙarshen karanshaf, wanda yake riƙe kan sandar giyabos. Injin otomatik ba ya zuwa da shi, kuma idan aka haɗa babu shi, sandar za ta riƙa lilo har ta cinye boris ɗin giyabos.

Mai sayar da kayan gyara, Kusiri:

Maganar bakanike gaskiya ce. Idan sai an sayi wani, Alhaji, ka zo da tsohon a hannu, a ɗora su ɗaya kan ɗaya, a gwada ramukan noti, faɗin kuloci da kauri, sannan a ƙirga haƙora da alli ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a yi amfani da notunan faifan otomatik, domin sun fi na fulawil gajarta kuma ba za su kama zare sosai ba. A cire siraran zobban da ke gaba da bayan faifan, a sa sababbin notuna, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi.

Direba, Njamena:

Malam, kada ka yarda a rage wa fulawil ɗinka nauyi da sunan mota za ta ƙara gudu. Motar da ke tashi da cikakken lodi tana buƙatar wannan nauyin, in ba haka ba za ta riƙa kakkarwa tana mutuwa wajen tashi, kuloci kuma ya ƙone da wuri.

Mai Hiace, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun wanke tsohon, tabon zafi ne kawai a fuskarsa, don haka gobe za a kai shi a share, kuma na aika a sayo boris ɗin da notunan.