Shin makarantu sun ceto harshen Breton?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ana cewa harshen Breton na yankin Bretagne, a yammacin Faransa, ya farfaɗo, kuma ni na yarda. A 1977 da yara ƙalilan aka buɗe makarantar Diwan ta farko, mai koyarwa da Breton, a ƙauyen Lampaul-Ploudalmézeau. Yau yara wajen 20,000 ke karatu da harshen. Wannan ba ceto ba ne?

Malam: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ƙirga masu shigowa ka manta da masu fita. Wajajen 1950 masu jin Breton sun kai miliyan ɗaya. Binciken da hukumar yankin ta sa aka yi a 2018 ya samu kusan 207,000, matsakaicin shekarunsu 70. Na 2024 ya samu 107,000. Kusan rabi ke nan cikin shekara shida, tsofaffin ne ke ta rasuwa.

Ɗalibi: Amma Malam, binciken 2024 ɗin ya nuna matsakaicin shekarun ya sauko zuwa kusan 58.

Malam: Ya sauko ne don an binne tsofaffi, yaran da aka ƙara ba su cike gurbin ba.

Malamar Firamare: Gafarta Malam, lissafinka daidai ne, amma kada a zuba 20,000 ɗin a tukunya ɗaya. Hanya uku ce. A Diwan, wadda iyaye ke tafiyarwa kuma ba a biyan kuɗin makaranta, da Breton zalla ake yi wa yaro magana tun daga ajin reno, har a filin wasa da wurin cin abinci, sai ya kai wajen shekara bakwai a shigo masa da darasin Faransanci. Yaransu kusan 4,000 ne. Sauran suna azuzuwan harshe biyu na gwamnati da na Katolika, inda aka saba raba awannin karatu gida biyu, da an kaɗa ƙararrawa kuwa kowa ya koma Faransanci. Inda abin ke karyewa shi ne ƙarshen firamare. Sakandaren da ke kusa da gida sau da yawa ba ta da ajin Breton, ko tana da shi amma ba malamin da zai koyar da lissafi ko kimiyya da harshen. Yaro ya yi shekara takwas yana koyo, sai ya ajiye yana ɗan shekara 11. Shi ya sa cibiyoyi irin su Stumdi da Roudour ke ba manya kwas na wata shida cur, a samu malamai. Wata shida na kai mutum ga hira, amma riƙe aji sai da ƙari.

Hajiya: Ku haɗa da doka. Tun 1992 tsarin mulkin Faransa ya ce harshen Jamhuriya Faransanci ne. A 2021 majalisar dokoki ta amince da dokar ɗan majalisa Paul Molac kan harsunan yankuna, sai Majalisar Tsarin Mulki, mai duba ko doka ta dace da tsarin mulki, ta soke sashen koyarwa da harshen yanki zalla, ta kuma soke na rubuta haruffa irin ñ a takardar haihuwa. Takardar umarni ta ma'aikatar ilimi ce ta sassauta lamarin daga baya, ita kuwa takarda minista na iya canza ta.

Malam: Hajiya, doka ta yi nata ɓarnar, amma igiyar a gida ta tsinke. Yaran da aka rataya wa takalmin katako a wuya don sun yi Breton a makaranta, irin "sambol" ɗin nan da dattawan Nijar suka sani a makarantun Faransawa, su ne suka girma suka ƙi koya wa 'ya'yansu bayan yaƙin duniya na biyu. Yau jika ya dawo daga Diwan ya gai da kakarsa da Breton, ita ta amsa da Faransanci.

Ɗalibi: Me zai hana ta amsa da harshenta?

Malamar Firamare: Kunya ta dā, sannan kunne. Karin harshen huɗu ne: Leon, Treger, Kerne da Gwened. Makaranta na koyar da daidaitaccen rubutu, kaka kuwa na ƙauyensu ta sani. A karin harshe uku na farko ana danna gaɓar da ke kafin ta ƙarshe, yaron da ya tashi da Faransanci sai ya danna ta ƙarshe. Ga kuma sauyin harafin farko: uba "tad" ne, ubana "ma zad", ubanka "da dad". In yaro ya kuskure nan, tsohuwa sai ta ji baƙon abu. Maganin da ke aiki shi ne a haɗa ɗalibi da dattijo ɗan garin, su riƙa zama duk mako, a kuma naɗi muryoyin tsofaffin tun suna raye.

Ɗalibi: To na janye kalmar "ceto". Amma in babu makarantun, su wa za su rage nan da shekara ashirin?

Malam: Nan kam ka yi gaskiya, kusan 'yan makarantun kaɗai za su rage. Adadin da nake so mu nemo yanzu shi ne na tsofaffin ɗaliban Diwan da suka yi aure suke yi wa jariransu magana da Breton.