Don Allah wai dolfin kifi ne ko ba kifi ba ne?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina da tambaya. Yarona ɗan aji huɗu a firamare ya dawo jiya yana ce min malaminsu ya ce dolfin ba kifi ba ne, wai har nono uwar ke ba ɗanta kamar akuya, ni kuma na ce masa abin da ke cikin ruwa dare da rana ga siffar kifi sak ta yaya zai zama ba kifi ba, muka yi ta musu har ya ɓata rai ya ƙi cin tuwo. Kullum yana gaban talabijin yana kallonsu a katun da bidiyon da suke tsalle ta cikin zobe. Masu ilimin abin ku warware mana, bana son in koya masa kuskure.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif yaronki ne da gaskiya. Kifi a cikin ruwa yake shaƙar iskarsa ta gefen kai, shi kuwa dolfin huhu gare shi irin namu, dole ya leƙo sama ya yi numfashi ta wata kafa da ke tsakar kansa, shi ya sa in ya maƙale a komar masunta ya kasa tasowa nutsewa yake ya mutu. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata 12, ta haifi ɗa guda, yawanci wutsiya ke fara fitowa, sannan ta tura shi sama ya ja iskar farko, kuma ta shayar da shi fiye da shekara. Ki ce ya lura da wutsiyar in suna kallo, ta kifi hagu da dama take kaɗawa, ta dolfin sama da ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki ma barcinsa, rabin ƙwaƙwalwa ke barci rabi na farke don kar ya manta da numfashi. Allah mai iko.

Ɗan Yawuri:
Hajiya ai mu ma muna da irin wannan a gida, ayu! A kogin Neja yake, da Binuwai. Kakana masunci ne, ya sha ba mu labarin yadda ayu ke ɗago hanci kawai ya shaƙi iska ya koma, ciyawar bakin ruwa yake ci, macen kuma nononta na nan ƙarƙashin hannuwanta. Ba dangin dolfin ba ne fa, masana sun ce giwa ce ma danginsa na kusa, amma shi ma mai shayarwa ne. Yanzu ganinsa ya yi wuya saboda farautarsa da ake don nama da man ayu ɗin nan da ake ta talla, abin na damuna wallahi.

Ummu Safiyya:
Ni dai maganar tsalle ta cikin zoben ce ta tsaya min. Na taɓa kai yara kallon wasansu a Dubai, kowa na ta tafi da ihu, da aka tashi na ɗan tsaya na ga ɗaya yana ta zagaya kwamin nan shi kaɗai, ya je ya dawo ya je ya dawo, dabbar da a teku take tafiyar kilomitoci masu yawa a rana tare da garkenta, kowanne da irin fito nasa da ƴan uwa ke gane shi da shi kamar suna. Murmushin nan da muke gani ba murna ba ce, haka halittar bakinsa take. Shirin Flipper da aka fara a talabijin ɗin Amurka a 1964 shi ya sa duniya ta kamu da son su, amma mutumin da ya horar da su a shirin, Ric O'Barry, daga baya juyawa ya yi ya koma yaƙi da tsare su, shi ne a fim ɗin The Cove na 2009 da ya nuna yadda ake kama su ana kashewa a Taiji ta ƙasar Japan. Tun ranar nan ta Dubai ban sake sayen tikiti ba.

Abba Fatakwal:
Mu nan sunan a ƙwallo muka san shi, ƙungiyoyin Dolphins da Sharks, aka haɗe su a 2016 suka zama Rivers United. Ki gaya wa Hanif shak, babban kifin tekun nan da Sharks ta ɗauko sunansa, shi kam kifi ne na gaske, dolfin ne ba kifi ba.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta masa duka na kuma ba shi haƙuri, yanzu haka ya kunna bidiyo yana nuna min wutsiyar da yatsa. Ɗan Yawuri in kana da hoton ayu don Allah ka turo, ya ce shi yake son gani.