"Shekara kwana ce": ban haƙuri ne ko gargaɗi?

Malamar Turanci: Salamu alaikum. Yau wata ɗaliba ta rubuta mini "on 1960", na zagaye shi da jan biro. Na ce mata a Turanci rana ce ke ɗaukar "on", shekara kuwa "in": "in 1960", amma "on 1st October 1960", ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai. Sai yarinyar ta ce, "To Anti, ba an ce shekara kwana ce ba?" Aji ya tuntsire da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Amma ta bar ni da tambaya: a wane hali ake faɗar wannan magana?

Baban Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam, 'yata. Magana ce ta ban haƙuri. Yaro zai tafi bautar ƙasa uwarsa na hawaye, ko an sa ranar biki sai baɗi ango na ƙunƙuni, sai a ce masu shekara kwana ce, kamar yau ne.

Hajiya Mai Waina: Baba, a gafarce ni, ni ba haka na taso na ji ba. Kakata ga malalaci take faɗarta. Wanda ya ci bashi ya ce sai kaka zai biya, ya miƙe ƙafa, shi take ce wa shekara kwana ce. Tsoratarwa ce, ba lallashi ba.

Baban Ƙofar Mata: Hajiya, ai maganar ɗaya ce. Mai jira a sanyaya masa rai da ita, wanda ake jira a tsikare shi.

Hajiya Mai Waina: To na ji, amma ban taɓa jin an gaya wa mara lafiya ita ba. Ba kowane jira take shiga ba.

Ɗan Damagaram: Malama, ɗalibarki ba ta yi nisa da gaskiya ba fa. A Hausa shekara da kwana tafiyarsu ɗaya, duka suna zama aikatau: ya kwana a Kano, ya shekara a Kano. Har "shekaranjiya" muke cewa, alhali kwana biyu ne kacal. Bature ne ya raba musu gida. Mu nan da Faransanci haka muke fama: "en 1960", amma "le 3 août 1960", ranar 'yancin Nijar.

Malamar Turanci: Wannan kam zan kai aji. Inda suka fi faɗuwa ma wajen bara da bana ne. Mu muna iya cewa "a bara", sai su ɗauko "a" ɗin su rubuta "in last year", alhali "last year" da "this year" ba sa son komai a gabansu. Sai kuma "since" da "for". "Tun 2019" shi ne "since 2019", "tsawon shekara biyar" kuwa "for five years". Kullum sai na ga "since five years" a takardun jarabawa.

Baban Ƙofar Mata: Mu a zamaninmu wa ya damu da lamba? Tambayi tsarana yaushe ya yi aure, zai ce miki shekarar canjin hannu, wato 1972 da motoci suka koma bin dama, ko shekarar canjin kuɗi, 1973, da naira ta maye fam. Jikana ya taɓa tambaya ta ko da gaske na kashe sule da sisi da hannuna. Ni kuwa wallahi kamar jiya nake ganin abin.

Hajiya Mai Waina: Ka ga Baba, da bakinka ka kawo ta uku. Wannan ba haƙuri ba ne, ba gargaɗi ba, mamakin tsufa ne.

Malamar Turanci: Yarinyar dai makinta ba zai dawo ba, sai ta gyara ta rubuta "in". Amma gobe ita za ta buɗe darasin.