Majo ya ƙi yi wa ƴata allura, wulaƙanci ne ko yana da gaskiya?

Baban Nana:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lafiya ku ba ni haske. Ƴata ƴar shekara 4 ta kwana da zazzaɓi, da safe uwarta ta kai ta CSI (ƙaramin asibiti) na kartiyenmu nan Damagaram, aka huda mata yatsa aka yi TDR (gwajin jini na nan take) ya nuna ba palu (zazzaɓin cizon sauro), majo (shugaban ma'aikatan jinyar wurin) ya leƙa maƙogwaronta da kunnuwa ya saurari ƙirji ya ce mura ce, ya rubuta parasetamol kawai ya ce a dinga ba ta ruwa. Uwar ta roƙe shi ya yi mata allura ko ya sa mata serom (ƙarin ruwa) ya ƙi. Na hau kabu-kabu na je da kaina na ce ko nawa ne zan biya, ya ce min ba maganar kuɗi ba ce. To yanzu kakarta ta tayar da hankali wai a kira wani mai yin allura a gida nan bayan layinmu, jika ɗaya yake karɓa. Ni kam raina ba daɗi wallahi, ya za a ce yarinya na kwance jiki kamar garwashi a ce ba allura?

Infirmiye_Zango:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Nana lafiya. Yaya don girman Allah kar ka bari mai allurar gidan nan ya taɓa ta. Abu na farko da ake dasa mana a lakwal shi ne in ba ka warkar ba to kar ka ƙara wa mutum ciwo, kuma majonku abin da ya bi kenan. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba in yaro na iya haɗiya kuma ba ya amai. Akwai babbar jijiya da ta ratsa ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa, in wanda bai san wurin ba ya soka kinin a nan, yaro da ya shigo da ƙafarsa sai ka ga yana jan ta, yatsun na sharar ƙasa, wani har girmansa haka, mutane su ce shan inna ce alhali allura ce. Ga ƙurji mai ruwa da sai an tsaga, ga ciwon hanta in an maimaita sirinji. Serom kuma da mutanenmu ke so kamar me, in an ɗura wa ƙaramin yaro fiye da kima ruwan huhu yake tafiya numfashi ya gagara. Tun 2010 hukumar lafiya ta duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin palu. Wallahi ya fi mana sauƙi mu yi allurar mu rabu lafiya da iyaye, wanda ya ƙi shi ne ya ɗauki zagi saboda ɗiyarka.

Maman Ikilima:
Ɗan'uwa infirmiye na yarda da kai amma ku ma da naku. Duk wannan bayanin da ka zuba mana nan, a CSI waye ke yin shi? Ka bi layi tun asuba da yaro a baya, ka shiga minti uku an miƙo maka odonansi ko kallon fuskarka ba a yi ba, in ka yi tambaya a ce "ke likita ce?" To uwa ta fito ba ta gane komai ba ina za ta nufa in ba wurin mai allurar gida ba, shi da zai zauna a tabarma ya saurare ta har ya tambayi mutanen gida? Shirun nan naku shi ma cutarwa ne, ku ne ke tura mu can.

Almajirin Birni:
Baban Nana, ko a addini haka abin yake. Hadisin "la darara wa la dirar" yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ba cuta ba cutarwa. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, duk abin da ya faru yana wuyansa. Ka karanta wa Hajiya wannan cikin ladabi, tsofaffi sun fi jin ta wannan hanyar, kuma ita ma son jikarta ne ya sa take faɗa.

Ɗan Mirya:
Ku ƙara da siro na tari da ake saya wurin masu tallan magani a faranti cikin rana. A 2022 yara wajen 70 suka rasu a Gambiya ƙodarsu ta lalace saboda gurɓataccen siro. Kar a ba ta komai bayan abin da aka rubuta.

Infirmiye_Zango:
Hajiya Maman Ikilima gaskiyarki ce, ba zan kare wannan ba. Lokacin damina mutum ɗaya sai ya duba layin da ba ya ƙarewa, amma yawan aiki bai halatta a yi wa uwa tsawa ba, haƙƙinta ne a faɗa mata me ke damun ɗanta da dalilin da ya sa aka hana abin da ta nema. Yaya, ka sa ido sosai a daren nan: in ta fara jijjiga, ko ta ƙi shan ruwa, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ko numfashi na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko barci mai nauyi da ba ta farkawa in an tashe ta, ko wuya ya sandare, kar ku jira gari ya waye, ku wuce asibiti ko ƙarfe nawa ne. In ba ko ɗaya amma zazzaɓin ya kai kwana 2 bai sauka ba, ku koma wurin majon da karnenta ku ce a sake gwajin jini.