Wanda aka taɓa sauya wa gwiwa ko ƙugu, ya taimaka mana da bayani

Daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, shekarunta 67, gwiwar dama ta hana ta sakat, ko bene ba ta iya sauka sai an riƙe ta. Mun kai ta asibitin ƙashi na Igbobi, likita ya duba hoto ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, sai dai a sauya gwiwar. Ƙanena ya dage sai Indiya, wai can mutum-mutumi ke yin aikin. Hajiya kuwa da ta ji, ta ce ita inji ba zai yanka ta ba. Don Allah wanda ya san abin ya yi mana bayani.

Daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni a Indiya aka yi min, da na'urar Mako, irin mutum-mutumin da ƙanenki yake faɗa. Ki kwantar mata da hankali, inji ba ya yanka kowa shi kaɗai. Kafin aiki sun ɗauki hoton CT na ƙafata, kwamfuta ta fito da gwiwar tawa sak a allo, likita yana juya ta yana nuna min inda za a rage ƙashi da girman ƙarfen da zai zauna. Ranar aiki zarton na hannun likita, na'urar tana tsayar da shi ne idan zai wuce iyakar da aka shata. Kashegari suka tashe ni tsaye da ƙarfen dogarawa. Na ji jiki, amma sun ce kwanciya ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Daga Mile 12:
Ɗana sikila ne, kan ƙashin ƙugunsa ya mutu don jini ba ya isa wurin. A nan Legas aka sauya masa, ba mutum-mutumi ba komai, kuma yau da ƙafarsa yake zuwa kasuwa. Mu waya ce ta cece mu. Mai gashin ƙashi ta bidiyon WhatsApp take duba shi, na jingina wayar da gwangwanin madara, tana cewa ɗaga, sauke, ƙara. Da sai mun riƙa ɗaukar sabon ɗinki cikin gosulon Ikorodu Road, ban san yadda za mu ƙare ba.

Daga Obalende:
Maigidana da aka sallame shi bayan irin wannan aikin, yaranmu suka sa takardar sallama a manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta warware mana turancin likitoci, mun ji daɗinta. Amma ranar da sha-raɓarsa ta kumbura ta yi zafi, ban tsaya tambayar waya ba, likita na kira, ya ce mu taho yanzu. Jini ne ya daskare, Allah ya sa mun je da wuri.

Daga Agege:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya, tambayarta ɗaya: sujada fa?

Daga Idi-Araba:
Ki gaya mata gaskiya, ni har yanzu a kan kujera nake sallah, durƙuso yana min wuya. Kuma ku sauya mata masai zuwa na zama tun kafin a sallamo ta.