Injin ya ce ina da +4 amma wasa ya ƙare canjaras, laifina ne ko nasa?

Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin ces ku taimaka min. Jiya na buga wasa a Lichess, shafin nan na buga ces a intanet, a ƙarshe ni ina da sarki da sarauniya, abokin wasana yana da sarki da ruk da soja ɗaya a f7 wanda bai taɓa motsawa ba. Sarkinsa ya laɓe kusa da sojan, ruk ɗin kuma sai kai-komo yake tsakanin e6 da g6, na zaga na zaga har dokar motsi 50 ta cika (kowa ya yi motsi 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba) aka raba. Da na sa wasan a injin nazarin ces da ke wayata sai ya nuna min kusan +4, wato wai ni ke kan gaba sosai, tun daga farkon wannan tsari har ƙarshe. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Akwai hanyar ci da ban gani ba ne, ko injin ne bai san me yake faɗa ba? In haka ne ya zan yarda da shi a sauran wasanni?

Amsa ta 1:
Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa kwantar da hankalinka, ba ka zubar da komai ba, wannan tsari ganuwa ce sananniya. Sojan yana kare ruk a gidajen nan biyu, sarkinka ba zai iya tsallake layi na shida ba, sarauniya ita kaɗai kuma ba ta iya kisa, wato ritsa sarki ya rasa mafita. Shi injin lissafin motsi yake zuwa wani nisa sai ya tsaya ya kimanta allon, ya ga sarauniya ta fi ruk da soja nauyi sai ya ba ka maki, bai hango cewa ƙofa a rufe take har abada ba. Abin da nake dubawa ni shi ne ko lambar tana motsi. In da gaske akwai ci za ka ga tana hawa, +4 ta koma +7, can ta koma kisa cikin motsi kaza. In ta kafe waje ɗaya duk zurfin da ya yi, kuma motsi biyar daban duk maki ɗaya yake ba su, to yawanci canjaras ne.

Amsa ta 2:
Ƙari a kan bayanin Malam na sama, naka ma ba sai an yi hasashe ba tunda 'ya'ya biyar ne kawai a allo har da sarakuna. Akwai rumbun ƙarshen wasa da ake kira tebulbes, shi ba kimantawa yake ba, an faro ne daga duk wuraren da aka yi kisa aka dinga komawa baya motsi ɗaya ɗaya har aka san hukuncin kowane tsari, ci ko faɗuwa ko canjaras. Ken Thompson ya yi aiki sosai a kansa tun shekarun 1970 da 1980, na 'ya'ya bakwai an kammala shi a Jami'ar Mosko a 2012, girmansa wajen terabait 140, a ciki ne aka samu wani tsari da sai motsi 549 ake kisa. Wanda aka fi amfani da shi yanzu Syzygy ne na Ronald de Man, na 'ya'ya biyar bai kai gigabait 1 ba, na shida wajen gigabait 150. Ba sai ka sauke ba ma, buɗe allon nazari a Lichess ka danna alamar littafin nan zai nuna maka hukuncin kai tsaye in 'ya'yan ba su wuce bakwai ba.

Mai tambaya:
Na duba yanzu, canjaras ya rubuta. Na gode sosai. To in sun wuce bakwai fa?

Amsa ta 1:
Nan sai ka haɗa da naka ilimin. A wurin da ake cinye-cinye ko tseren sojoji ka yarda da inji irin Stockfish ido rufe, ba ɗan Adam da zai kamo shi. Inda nake taka-tsantsan shi ne allo a kulle da sojoji, da kuma in kowa yana da bishof ɗaya, naka na bin fararen gidaje nasa na bin baƙaƙe ko akasin haka, nan soja biyu na rara ma sau da yawa ba sa ci. Ka bar shi ya daɗe yana tunani, kuma ka bi layin da ya ba ka motsi ashirin ka gani ko akwai ci gaba ko zagaye kawai yake.

Amsa ta 3:
Ni abin da zan ce ka koma baya ka duba lokacin da kuka yi musayar da ta kai ku wannan ƙarshen, ina zargin a can cin ya kuɓuce. Turo mana wasan gaba ɗaya mu duba daga wajen motsi goma kafin musayar.