Tsohuwar jitar bes: abin da muka tattaro a hirar daren Alhamis

Jiya a majalisarmu ta Jidda wani ƙaninmu ya ce ya ga tsohuwar jitar bes (mai kaurin sauti) ta kamfanin Fender a haraj, wato kasuwar gwanjo, wai ya saya? Nan fa aka ɓarke.

Abu na farko da kowa ya yarda da shi, shekara ce kuɗin. A jitocin bes na Fender, samfurin Precision ta fito 1951, samfurin Jazz kuma 1960, to duk wadda aka ƙera kafin CBS, kamfanin watsa labarai na Amurka, su sayi Fender a 1965 ita ake rububi, saboda ba ta da yawa kuma ba za a ƙara yin ta ba.

Sai fenti. Wallahi ni da na ɗauka sabon fenti ƙari ne, ashe shi ke karya farashi, gara ta zo da ƙujewarta da sawun gumin hannu a wuya, wato doguwar sandar da ake danna tsirkiya a kai. Kar ka yarda da lambar ƙira da ke bayanta kawai, a kwance wuyan a duba kwanan watan da ke gindinsa, in mai ita ya ƙi to ka riƙe riyal ɗinka.

Wani yayanmu ya ƙara da cewa raɓar Jidda na sa ƙarfenta tsatsa, a bar ta cikin akwatinta, ban da ajiyewa a mota da rana.

Ƙanin namu dai ya ce Asabar zai koma da sukundireba.